Sabon Inji A Tsohuwar Mota: Ƙarfi Da Amanar Fasinja



Mas'alar da za mu duba yau ita ce ta tsohuwar mota wadda injinta ya gaji, da shawarar da mai ita yakan tsaya a kai, ko ya sa a sauke injin a buɗe shi a sabunta abin da ya cinye a ciki, ko kuwa ya sayo wani dabam a ɗora, galibi ma wanda ya fi na asali ƙarfi. Duk wanda ya saba bi ta garejojin Zango da Sabon Gari ya san wannan ba baƙon zance ba ne a Damagaram, gama da wuya ya wuce bai tarar da mota baki buɗe ba, an rataye injinta da sarƙa a jikin ƙarfe mai ƙafa uku, yara sun kewaye, maigidan gareji yana ba da umarni, mai motar kuwa yana zaune a benci yana lissafin kwanakin da za ta yi ba ta fita nema ba.

Tun da farko ya kamata a faɗi gaskiya, cewa raya tsohuwar mota ba abin kunya ba ne, tattali ne, kuma larura ce ta kawo shi. Ƙasarmu Nijar ba ta da bakin teku, ba ta kuma ƙera mota. Abin da ya sauka a Kwatano ko Lome sai ya ci doguwar hanya da kuɗin duwan kafin ya iso mu, ga shi kuwa daga Yamai kaɗai zuwa nan kusan kilomita 900 ne. Daɗa tun daga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, har farashin duk abin da ake sayowa daga Turai ya ninka a dare ɗaya, sabuwar mota ta fita daga hannun talaka da matsakaicin ɗan kasuwa, ta zama sai gwamnati da ƙungiyoyin agaji da manyan attajirai. Wanda ya ga bakanike yana ta fama da motar da ta girme shi, ya ce da shi mai taurin kai, bai yi masa adalci ba, domin da wannan fama ne gero ke fitowa daga Damargu, rake da gyaɗa daga Matamaye da Magariya, mara lafiya kuma ya iso asibiti daga ƙauyen da kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Hannun da ke wannan aiki ma yana da asali a garin nan, gama a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram suna ƙera igwa suna haɗa albarushi a cikin wannan birni, tun ba a san inji ba.

To, amma raya mota abu ɗaya ne, ƙara mata ƙarfin da ba a gina ta a kansa ba wani abu ne dabam, kuma a kan na biyun nan ne nake so mu daɗe.

A ƙarshen shekarar 1924, lokacin Zinder, wato Damagaram, ce babban birnin wannan ƙasa, kafin a mai da mulki Yamai a 1926, wani ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën ya iso nan, bayan ya taso daga Aljeriya ya keto Sahara, ya biyo ta Yamai da Tasawa, yana nufin Tafkin Cadi. Injin kowace ɗaya daga cikinsu ɗan ƙarami ne mai silinda huɗu, ƙarfinsa wajen doki 20, wato bai ko kusa da na ƙaramar motar da ake tasi da ita yau ba. Abin da ya fisshe su daga rairayi shi ne wata ɗamarar roba mai faɗi da aka sa musu a madadin ƙafafun baya, wadda ke shimfiɗa nauyin mota a kan yashi, da kuma haƙurin tafiya sannu. Na kawo wannan tarihi ne domin direbobin da ke shiga Tasker daga Gure, ko masu ratsa daji arewa da Tanut, sun san shi da jikinsu ko ba su karanta ba: motar da ta nutse a yashi ba ƙarancin ƙarfi ne yakan nutsar da ita ba, yawanci yawan iska ne a taya, ko yawan kaya, ko gaggawar ƙafar direba, har ma inji mai ƙarfi ya fi saurin haƙa wa mota rami idan aka take shi babu lissafi.

Bayan wancan zamani sai Pijo ta mallaki hanyoyinmu, 404 da farko, musamman mai tanti a baya wadda ƴan kasuwar ƙauye suka riƙe, sa'an nan 504, wadda aka fara yi a Faransa a 1968, aka daina a can a 1983, amma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Abin da ya sa makanikanmu na da suka ƙware a kan waɗannan motoci, har suka zama malamai a fanninsu, shi ne an yi injin ne don a riƙa buɗe shi. Silindarsa hannun riga ce ta ƙarfe wadda ake zarewa a sa sabuwa, tare da fistin da ringi, ba sai an kai gangar injin an rarake ta ba. In kiranshaf ya ci, a kai shi a goge da awo, a sayo metal daidai da wannan awo. A wasa bawul, a sa sabon gasket, a ɗaure kai bisa tsari da ma'auni. Sa'an nan a gargaɗi direba kada ya matsa wa motar har ta yi kilomita dubu, a juye baƙin mai a zuba sabo. Injin da aka yi wa haka da kayan kirki yakan koma kusa da sabo, kuma mai shi ya san tarihin kowane ƙarfe da ke ciki, tun da a gabansa aka sa.

Me ya sa wannan aiki ke ja da baya, har yaron gareji yakan yi shekaru bai ga an auna silinda ba? Dalilai biyu ne, a nawa nazari. Na ɗaya jabun kaya. Bakanike ya kwana uku yana haɗa inji da iyakar saninsa, ringin da aka sayo kuwa kwalinsa ne kaɗai na gaskiya, bayan wata biyu motar ta soma hayaƙi tana shan baƙin mai, sai mai mota ya ɗora masa laifi, sunansa ya ɓaci a tasha. In haka ta faru sau biyu, ala tilas ya gwammace ya ce a sayo wani injin, don in ya lalace laifin ɗan kasuwa ne. Na biyu kuwa yalwar injunan da aka kwance daga motocin Turai da Japan. A Japan doka ta wajabta binciken lafiyar mota bayan shekara uku da saye, daga nan kuma duk shekara biyu, kuma tsadar wannan bincike takan sa mutane su rabu da mota tun injinta bai yi nisa ba. Sai a yanka ta, a loda injin a kwantena, ya biyo ta Sharja a Daular Larabawa, ko kuwa na Turai ya biyo ta tashar Antuwap a Beljiyam, har ya iso Legas ko Kwatano, daga can zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, wadda tsakaninta da mu bai fi tafiyar yini ba ta Matamaye da Daura, ko ta Magariya da Ɓaɓura. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ƙiyasta a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Inda motoci suka kwararo haka, injunansu ma suna biye.

Ba na ƙin injin da aka sayo, gama sau da yawa shi ne mafi sauƙi, kuma mota ta koma aiki cikin kwana biyu maimakon mako biyu. Inda shaiɗan ke shiga shi ne lokacin da mai mota ya tsaya a gaban shago, ya ga injin irin na motarsa, ya ga wani kusa da shi wanda ya fi shi girma, bambancin kuɗin kuwa kaɗan ne, sai zuciya ta raya masa cewa da wannan zai riƙa loda buhu goma a kan na da, ya kuma yi sawu biyu ranar Alhamis maimakon ɗaya. Daga nan sai a ji an cire ɗan inji mai lita 2 daga motar fasinja an sa mai kusan lita 3, ko an cire na fetur an sa na gazuwal, ko an ɗora turbo a kan injin da aka yi shi ba da turbo ba. Alhali kuwa wanda ya ɗaura ingarman doki a tsohon amalanken jaki bai ƙara wa amalanken komai ba. Dokin zai ja iyakar ƙarfinsa, gatarin ƙafa da katako ne za su biya.

Mu bi abin daki-daki, don kada a ce wa'azi ne kawai babu hujja.

Man da inji ke ƙonawa, kusan sulusinsa ne kaɗai ke zama tafiya; sulusi yana fita ta salansa, sauran sulusin kuwa zafi ne wanda wajibi ne ruwa da lagireto su kwashe. Saboda haka duk inji da ya fi wani ƙarfi ya fi shi zafi, lagireton da aka auna wa ƙaramin kuwa ba zai ishi babban ba, balle a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 a inuwa, mota kuma tana tafe da giya ta biyu a cikin yashi, iska ba ta bugun gabanta. Abin da aka saba yi in allura ta fara hawa shi ne a cire ɗan ƙarfen nan mai buɗewa da rufewa da ke daidaita zafin ruwa, a ce an yi magani, alhali ɓoye ciwon aka yi. Ranar da gasket ya ƙone tsakanin Tanut da Adarbisinat, inda babu inuwa babu rijiya kusa, a ranar ne za a gane lagireto ya kamata a canja tun farko. Haka nan kuloci da giya da aksul na baya, kowannensu an yi shi ne don ya ɗauki murɗa gwargwadon wani iyaka. Injin gazuwal kuma yana da nauyi fiye da na fetur, sai gaban mota ya sunkuya, sifirin da shokazoba su mutu da wuri, sitiyari ya yi nauyi. Juyawarsa kuma ba ta kai ta na fetur sauri ba, don haka in aka bar masa aksul na da, sai ya riƙa kuka a kan kwalta yana cin kansa. Ƙafafun da zai zauna a kai kuwa, tun da ba su dace da ramukan asali ba, sai a kira mai walda ya ƙona shasi ya liƙa wasu, shasin da ya riga ya sha shekara talatin yana lanƙwasa a hanyoyin ƙauye.

Misalin turbo ya cancanci a tsaya a kansa, domin kat-kat ɗin Toyota ita ce raƙumin wannan zamani a arewacinmu. Injin nan nata mai suna 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, wanda aka fara yi a 1990, ƙarfinsa wajen doki 130 ne kacal, kuma direbobi suna yi masa ƙorafin nawa a kan kwalta. Amma wannan rashin matsa wa kai shi ne sirrin tsawon ransa, famfon mansa kuma na ƙarfe ne zalla, bakanike yana iya kwance shi a kan tabarma. Kamfanin da kansa, da ya so ya yi mai turbo daga wannan dangi, bai tsaya ga ɗaura turbo kawai ba, sai da ya canja kan injin da fistin da yadda ake fesa mai, ya ba shi wani suna dabam. Wanda ya tsallake duk wannan, ya ɗaura turbo ya buɗe wa famfo mai don ya ji motar tana fizga, zai ji daɗinta na ɗan lokaci, sa'an nan zafi ya tsaga masa fistin.

Duk waɗannan asarar dukiya ce, mai mota ne zai ɗauka, kuma baligi mai hankali yana da ikon yin kasada da dukiyarsa. Birki ne ya fitar da mas'alar daga babin dukiya ya kai ta babin rai. Lissafin da masana suka tabbatar shi ne, motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a, idan ta koma 120, gudun rabi kaɗai ya ƙaru, amma tazarar da birki ke bukata kafin ya tsai da ita ta zama ninki biyu da rubu'i; in kuma an ƙara kaya, zafin da birkin zai haɗiye ya ƙaru gwargwadon nauyin, har ya kai inda za a taka a ji ba ya kamawa. Tsohon injin da ya gaji, duk da aibinsa, yana yi wa fasinja wata hidima da ba a lura da ita, gama shi ne ke hana direba kaiwa gudun da birkin motar ba zai iya da shi ba. Ranar da aka cire shi aka sa mai ƙarfi, an cire wannan takunkumi, birki kuwa na nan na da, taya na nan ta da, ta Beljiyam wadda ta riga ta tsufa tun kafin ta iso. Akwai kuma wani abu ɓoyayye wanda nake roƙon makanikai su saurara da kyau. A motar fetur, abin da ke sa birki ya yi laushi a ƙafa ya kuma kama da ƙarfi shi ne zuƙar iska da injin kansa ke yi. Injin gazuwal ba ya ba da wannan zuƙa, sai da wani ɗan famfo na musamman, wanda a wasu injunan yake manne a bayan altaneto. In aka juya mota daga fetur zuwa gazuwal, aka yi sakaci da wannan famfo, ko aka haɗa shi da ruɓaɓɓen tiyo, motar za ta tashi lafiya, ta yi gudu lafiya, ba za a san an yi ɓarna ba sai sa'ar da saniya ta ratso hanya a wajen Takeita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Ba na cewa canjin inji ne ya kashe su. Gudu da lodi da barci da lalacewar hanya duk suna da rabonsu. Abin da nake cewa shi ne babban inji a tsohuwar mota yana buɗe wa biyun farko ƙofa.

A nan ne ya kamata mu koma ga abin da malamanmu suka karantar, gama fiƙihu bai bar ciniki da sana'a babu hukunci ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan Birni tun kaka da kakanni, ta haramta algus da ɓoye aibin haja, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da abin da ya tarar da aibi a ciki wanda ba a nuna masa ba. To, inji haja ce da aibinta ke ciki, ido ba ya gani. Ɗan kasuwar da ya wanke shi da gazuwal ya fesa masa fenti, ya zuba masa baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙarar metal, ya rantse yanzu aka sauke shi daga jirgi alhali daga wata motar gari aka ciro shi, ya san babin da ya shiga. Kazalika mazhabarmu ta Malikiyya ta ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka damƙa musu suka tafi da shi bayan idon mai shi, kuma fuƙaha'u sun kafa wannan hukunci ne a kan maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga gwanaye. Bakanike yana cikin waɗannan. In maigida ya zo ya ce a sa masa babban inji a bar birki yadda yake don kuɗi sun ƙare, amsar da ta dace da mai amana ita ce, Alhaji, ka yi haƙuri, ko mu yi duka ko mu sa irin nata. Wanda ya faɗi haka zai yi asarar aikin yini, na sani, kuma ban raina wannan asara ga mai iyali ba.

Amma wanda ya fi damuna a cikin wannan ciniki shi ne mutumin da ba ya wurin sa'ad da aka ƙulla shi. Mai mota ya yarda, bakanike ya yarda, ɗan kasuwa ya yarda. Tsohuwar da ta biya kuɗin mota daga Mirriya da ƙwaryar nononta, da almajirin da aka ɗora a kan buhuna, da amaryar da ake kai wa Dungas, babu wanda ya buɗe musu gaban mota ya ce ga abin da aka sa, kun yarda? Sun shiga ne bisa kyautata zato cewa wanda ya karɓi kuɗinsu ya tanadi abin da zai tsai da motar kamar yadda ya tanadi abin da zai tafiyar da ita. Saboda haka hukuncina a kan wannan mas'ala ya rabu biyu. Mai motar kansa, wanda ke shiga daji shi da kayansa, in ya ga ƙarin ƙarfi zai amfane shi, ya kuma biya kuɗin lagireto da birki da sifirin tare da kuɗin injin, babu laifi. Motar haya kuwa, wadda ke ɗaukar rayukan bayin Allah, ban ga wata hujja ta sa mata injin da ya wuce wanda kamfaninta ya taɓa sa wa irinta ba.

Ba mu kaɗai ne ke wannan sana'a a duniya ba. A Kuba, inda takunkumin Amurka ya yanke kayan gyara tun farkon shekarun 1960, manyan motocin Amurka na shekarun 1950 suna nan suna tasi a birnin Habana, da yawansu da injunan gazuwal na wasu kamfanoni a ciki. A Kumasi kuma unguwar makanikai ta Suwame ta shahara a duk Afirka ta Yamma wajen tayar da matattun motoci. A Amurka ma ana canja inji, sai dai su galibi don nishaɗi da tsere suke yi. Abin koyi yana wajen Faransa da Jamus, inda ba a hana mutum canja inji ba, amma in ya sa wanda ya saɓa wa na asali, sai ya kai motar an duba ta an amince kafin ta halatta a kan hanya. Mu ma takardar motarmu tana ɗauke da ƙarfin inji da irin man da take sha, kuma a kan waɗannan ne ake yanka kuɗin inshora. Wanda ya canja inji ya bar takarda tana faɗin abin da ba shi ne ba, ya ba kamfanin inshora hujjar yi masa gardama ranar da ya fi bukatarsa.

Sauran magana ita ce ta mai da ta na'ura. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a kan hanyar Tanut a watan Nuwamba na 2011, tana tace ganga 20,000 a yini daga ɗanyen man Agadem, muna da mai na gida. Duk da haka shekaru da yawa motocinmu sun rayu ne da fetur na kwalba wanda ƴan ruwa-ruwa ke shigowa da shi daga Najeriya da araha, kuma wannan arahar ce ta sa wasu ba su damu da injin da ke shan mai da yawa ba. Da Najeriya ta janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan lissafi ya rushe, kuma layukan da aka sha a gidajen mai a farkon 2025 sun isa tunatarwa. Sababbin injuna sun fi tattalin mai, haƙiƙa, amma kwamfuta ke sarrafa su, suna tafe da wayoyi da na'urori masu yawa, wasu ma ba sa tashi sai da makullinsu na asali. Na gazuwal a cikinsu kuwa suna fesa mai da matsin da ya kai ninki dubu ɗaya da ɗari shida na iskar da muke shaƙa ko fiye, ta ƙofofin da ɗigon ruwa ko ƙurar hunturu ke iya lalatawa. Shi ya sa za ka ga an sayo inji na zamani an tuɓe masa na'urorinsa an ɗaura masa kafireto, ya rasa tattalin da aka saye shi dominsa. Kafin mutum ya zaɓi inji, ya tambayi kansa wa zai gyara masa shi a Gure ko Belbeji, da wane kayan aiki, kuma a wane shago za a sami abin da ya lalace.

Wanda ya ƙudura sayen inji kuwa, kada ya tafi shi kaɗai, ya tafi da bakanikensa. A buɗe murfin baƙin mai a duba ko akwai farin kumfa, alamar ruwa ya haɗu da mai; a kwance kaskon ƙasa a shafa a ga ko akwai garin ƙarfe; a juya kiranshaf da hannu a ji ko yana tafiya sumul; in da hali a auna matsin kowace silinda da ma'auni, a kuma tayar da shi a dubi hayaƙin, shuɗi na baƙin mai ne, fari mai ɗorewa na ruwa. In injin mai bel ne a ciki, a canja bel ɗin tun kafin a ɗora, gama ba wanda ya san shekarunsa. A rubuta lambar injin a rasit, da adadin kwanakin da mai sayarwa ya lamunta, a gaban shaidu biyu. Ga shugabannin sandikar direbobi kuma ina da roƙo ɗaya wanda ba ya bukatar doka daga Yamai ko kuɗi daga waje: duk motar layi da aka canja wa inji, kada a rubuta ta a jerin lodi sai wani dattijon direba da wani bakanike wanda ba shi ya yi aikin ba sun fita da ita bayan gari, da nauyi a ciki, sun taka birkinta sau uku a jere sun ga inda ta tsaya.